Ƙudirin kyamarorin hango gobarar daji a Kolorado, ya mutu a majalisa amma kyamarorin sun hau duwatsu

A ƙarshen watan Janairun 2023 wani kwamiti na majalisar dattawan jihar Kolorado a Amurka ya zauna kan wani ƙudiri mai lamba SB23-032, kuma abun da ƙudirin ke nema ba wani mai yawa bane, dala miliyan 2 ne a ware a yi gwaji, a kafa kyamarori a kan duwatsu da dogayen turaku a wuraren da aka san gobarar daji na yawan tashi, a haɗa su da ƙirƙirarriyar basira wato AI, ta yadda na'ura ce zata rinƙa gadin dajin dare da rana, da zarar ta hango hayaƙi ta sanar da 'yan kwana-kwana tun wutar bata kankama ba. Sanatoci biyu ne suka riƙe shi daga jam'iyyun nan biyu da basa ga maciji da juna, Joann Ginal 'yar Democrat daga Fort Collins, da Cleave Simpson ɗan Republican, manomi daga Alamosa can kudancin jihar. Kwamitin ya amince, jaridu suka ɗauka aka yi ta yaɗawa cewa Kolorado zata bi sahun sauran jihohin yamma. Toh amma har majalisar ta rufe zamanta a watan Mayu ƙudirin nan bai zama doka ba, ya maƙale wajen masu rabon kuɗi, a nan ya ƙare.

Ni abun da ya ja hankalina a lamarin ba mutuwar ƙudirin bane kaɗai, abun da ya biyo baya ne. Kyamarorin sun zo duk da haka, yanzu suna nan birjik a kan duwatsun jihar, sai dai ba majalisa ce ta kawo su ba, dan haka ba wakilan jama'a ne suka zaɓi inda za a sa su ba, ko wa zai ga hoton, ko wa zai biya.

Kafin nan sai an fahimci halin da mutanen jihar suke ciki lokacin. Shekarar 2020 ta zo musu da abun da basu taɓa gani ba, gobara uku mafiya girma a tarihin jihar duk a shekara ɗaya. Ta Cameron Peak da ke yamma da Fort Collins, garin ita Sanata Ginal, ta cinye eka 208,913. Ta East Troublesome ta cinye eka 193,812, kuma a cikin watan Oktoba cikin kwana ɗaya tak ta ƙara sama da eka 100,000 har ta tsallake saman jerin duwatsun Rocky inda ko itatuwa babu sosai, iska ce ta ɗauki tartsatsin ta jefa ɗaya ɓarin. Sai ta Pine Gulch, eka 139,007. Kafin wannan shekarar gobarar Hayman ta 2002 ce ke riƙe da kambu, sai gashi cikin 'yan watanni an wuce ta har sau uku.

Amma wadda ta girgiza su da gaske ita ce gobarar Marshall, ranar 30 ga Disamban 2021, a gundumar Boulder. Wannan ba cikin ƙungurmin daji ta faru ba, a fili ne na ciyawa a bakin gari. A wannan shekarar an samu ruwa sosai a farko ciyawa ta yi tsawo, daga nan sai fari ya biyo baya wata da watanni, dusar ƙanƙarar da aka saba ta rufe ƙasa bata zo ba, birnin Denver ma sai 10 ga Disamba ya ga ta farko, latti mafi tsawo da aka taɓa rubutawa. Duk wanda ya taɓa ganin an cinna wa busasshiyar ciyawa wuta lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa ya san yadda take gudu, toh a ranar iskar da ke gangarowa daga duwatsu ta kai gudun kilomita 185 a awa a wasu wuraren. Eka kusan 6,000 kawai ta ƙone, in ka kwatanta da na 2020 ba komai bane, amma ta shiga garuruwan Superior da Louisville ta cinye gidaje 1,084 cikin 'yan awoyi, mutum biyu suka rasu, sama da mutum 35,000 suka tsere daga gidajensu, asara ta haura dala biliyan 2. Washegari da yamma dusar ƙanƙara ta sauka a kan toka, mutane suka shiga sabuwar shekara basu da ko bargo nasu na kansu.

Da wannan raunin aka shigo zaman majalisa na 2023, kusan duk wanda ya yi maganar ƙudirin sai ya ambaci Marshall.

Yanzu ya abun yake aiki. Ana ɗora kyamara mai ƙarfin gani a kan hasumiya, sau da yawa turken kamfanin waya ne ko na lantarki tunda dama akwai wuta da sabis a wurin, kyamarar tana juyawa tana zagaye ko'ina, irin na kamfanin Pano AI na San Francisco duk minti ɗaya take kammala zagaye ɗaya ta aika hotunan ta intanet. Can kuma akwai manhajar da aka horar da ita da tarin hotunan hayaƙi, tana ɗora hoton yanzu a kan na minti ɗaya da ya wuce, in ta ga wani ɗan fari-fari ko toka-toka yana tasowa daga bayan tudu a inda ɗazu babu shi sai ta zana masa akwati ta tura wa mutum. Mutum ɗin nan na zaune gaban kwamfuta, shi zai zuƙo hoton ya duba, dan na'urar na ruɗewa, hazo na ruɗa ta, gajimare da ya kwanta a kwari, ƙurar da tarakta ta tayar a gona, hayaƙin bututun gidan wani da ya hura murhu saboda sanyi. In ya tabbatar wuta ce sai saƙo ya shiga wayar shugaban 'yan kwana-kwanan yankin da hoto da taswira. In kyamara biyu daga wurare daban suka hango hayaƙin guda, inda layin ganinsu ya haɗu nan ne wutar take, kuma wannan ba ƙaramin abu bane, dan wanda ya kira lambar gaggawa ta 911 daga kan titi abun da zai iya cewa kawai shi ne ga hayaƙi can wajen yamma, sai motoci su ɓata lokaci suna bulayi a hanyoyin daji suna neman inda yake.

Ƙudirin ya so a damƙa gwajin ne a hannun cibiyar jihar da ke binciken fasahar kashe gobara a garin Rifle, ƙarƙashin hukumar kashe gobara ta jihar, su kafa, su gwada, su dawo wa majalisa da rahoton abun da suka gani. A lokacin kuɗin tasha ɗaya ta Pano a shekara wajen dala 50,000 ne, kaga kenan miliyan 2 bai fi kuɗin tashoshi 40 na shekara guda ba, a jihar da faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 270,000.

Tambayar da dole a yi, da kyamarorin nan suna nan ranar 30 ga Disamba da sun ceci Louisville? A ganina a'a, kuma binciken hukuma ma ya nuna dalili. A watan Yunin 2023 ofishin sheriff, wato shugaban 'yan sandan gundumar Boulder, ya fitar da sakamako, cewa wuta biyu ce ta haɗu. Ta farko daga filin wata ƙungiyar addini da ake kira Twelve Tribes, inda aka ƙona shara da itace tun ranar 24 ga Disamba aka binne garwashin da ƙasa, 'yan kwana-kwana ma sun je a ranar sun duba basu ga laifi ba, kwana shida garwashin na kwance a ƙasa ba hayaƙi ba komai, sai da iskar nan ta zo ta yaye ƙasar ta hura shi. Babu kyamarar da zata ga abun da ke binne. Ta biyu kuma bayan awa ɗaya da 'yan mintuna ta tashi a kusa, binciken ya ce daga tartsatsin wayar lantarkin kamfanin Xcel Energy ne da ta kwance daga jikin turke, kamfanin dai ya musanta. Sannan wurin ba lungu bane, bakin babban titi ne da rana tsaka wajen ƙarfe 11, mutane sun gani sun kira, 'yan kwana-kwana sun iso cikin mintuna. Matsalar ba rashin gani bace, iskar ce ta fi ƙarfin kowa, jiragen kashe gobara basu iya tashi ba, sheriff ɗin lokacin Joe Pelle ya faɗa a fili cewa irin wannan wutar ba a tarar ta gaba da gaba, abun da ya rage kawai a kwashe mutane.

Haka aka sake gani a Los Angeles a Janairun 2025, jihar Kalifoniya ta fi kowa kyamarori amma gobarar Palisades da ta Eaton suka rusa gine-gine sama da 16,000 suka kashe aƙalla mutum 30, dan busasshiyar iskar nan mai ƙarfi da suke kira Santa Ana ce ke kora su. Duk mai tallar na'ura da zai ce maka AI zata hana irin wannan, ba gaskiya yake faɗa maka ba.

Amma fa wannan bai sa ƙudirin ya zama shirme ba, ko kaɗan. Akwai wata irin wutar da kyamara ke da amfani a kanta sosai, wadda tsawa ta kunna a bayan dutse inda ba kowa, ko wadda masu kwana a daji suka bari basu kashe da kyau ba, ta tashi cikin dare kowa na barci. Irin wannan tana iya yin awoyi tana ci a hankali kafin wani ya lura, kuma a wannan awoyin ne mota biyu da mutum goma zasu iya gamawa da ita. A Kalifoniya akwai shirin ALERTCalifornia na jami'ar UC San Diego, kyamarori sama da 1,000, a 2023 suka haɗa kai da hukumar kashe gobara ta jihar CAL FIRE suka ɗora musu AI, kafin ƙarshen shekarar duka cibiyoyin ba da umarni 21 na hukumar suna amfani da ita. A watanni biyun farko ta hango gobara 77 kafin kowa ya kira 911. Akwai guda da aka yi ta ba da labarinta, ƙarfe 3 na dare a dajin Cleveland gabas da San Diego, duhu ya rufe hayaƙin, na'urar ce ta tada kyaftin ɗin da ke bakin aiki, ya tura mutane wajen 60 da motoci da buldoza, cikin minti 45 an kashe ta. Wutar da aka kashe tana ƙarama bata shiga labarai, ba mai sanin sunanta, shi yasa ma ke da wahala ɗan majalisa ya nuna wa jama'a ribar kuɗin da ya kashe a kai.

Kuma nan ne nake ganin ƙudirin Kolorado ya samu matsala. Jihar tana da wani tanadi a kundin tsarin mulkinta tun 1992 da suke kira TABOR, wanda ya ce gwamnati bata da ikon ƙara haraji sai an tambayi jama'a ta ƙuri'a, kuma kuɗin shigar da zata riƙe ba zai wuce wani ƙa'idadden mizani ba da ake lissafawa da hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a, rarar da ta haura sai a maida wa masu biyan haraji. Kenan ko tattalin arziki na bunƙasa, majalisa na aiki ne da ƙunshin kuɗi ƙayyadadde, zaman nata kuma kwana 120 ne kawai a shekara, ƙudirori da yawa masu buƙatar kuɗi sai su taru a kwamitin kasafi a makonnin ƙarshe ana zaɓen na ɗauka ana barin saura su mutu ba tare da kowa ya fito ya ce baya so ba. Ba wanda ya tsaya ya yaƙi kyamarorin, kawai ba a kai kansu ba. A 2022 ma an kawo makamancinsa haka ya ƙare.

Abun da ya fi tsaya min a rai shi ne, a wannan zaman na 2023 ɗin dai majalisar ta amince da dala miliyan 26 dan sayen jirgi mai saukar ungulu na biyu samfurin Firehawk, wanda ke ɗaukar ruwa wajen lita 3,800 a tashi ɗaya. Bana cewa jirgin bashi da amfani, yana da shi ƙwarai, amma jirgi sai an gaya masa inda zai je, kuma amfaninsa ya fi yawa in ya isa wutar tana eka ɗaya ba eka dubu ba. An samu miliyan 26 na hannun da zai zuba ruwa, an rasa miliyan 2 na idon da zai nuna masa wurin. Jihar tana da jirage biyu ƙirar PC-12 masu na'urar gano zafi da ke shawagi suna neman wuta musamman bayan an yi tsawa, suna ƙoƙari, amma jirgi biyu ba zasu kasance ko'ina a kowane lokaci ba.

Toh sai me ya faru. Waɗanda ke da kuɗi da kuma dalili suka ci gaba abunsu. Hukumar kashe gobara ta Aspen, garin masu hannu da shuni da ke zuwa wasan zamiya a ƙanƙara, tun 2021 ta kafa kyamarorin Pano, da gudummawar wani mai kuɗi aka fara. Kamfanonin lantarki suka shigo da ƙarfinsu, Xcel ya ƙulla yarjejeniya da Pano a 2023 ya kafa tashoshi 21 kafin ƙarshen shekarar, ya ci gaba da ƙarawa shekara bayan shekara, ƙungiyar lantarki ta CORE ma ta kafa nata. Kuma sun yi aiki, a Yunin 2024 a gundumar Douglas tsawa ta kunna wuta a wani lungu mai wuyar shiga kusa da inda ake tara ruwan sha, kyamara ta hango, aka tura jirgi da mutane aka tsayar da ita a eka 3.

Dalilin kamfanin lantarki a bayyane yake, kuma ba laifi bane, yana kare kansa ne. Dubban mutane da kamfanonin inshora sun maka Xcel a kotu kan gobarar Marshall, a Satumban 2025 ana dab da fara shari'a aka sasanta a kan dala miliyan 640, shi da wasu kamfanonin sadarwa biyu, ba tare da ya amsa laifi ba. Kamfanin da ya ga irin wannan dole ya sa ido a kan wayoyinsa, har ma ya fara yanke wuta da gangan ranar da iska ta yi yawa, kamar yadda ya yi wa kwastomomi kusan 55,000 a Afrilun 2024. A 2025 hukumar da ke kula da kamfanonin lantarki a jihar ta amince masa da shirin rage haɗarin gobara na dala biliyan 1.9, kyamarori na ciki, kuma kuɗin nan daga bil ɗin wutar jama'a zai fito. Kaga mutanen Kolorado suna biyan kuɗin kyamarar da majalisarsu ta ce babu kuɗinta, ta wata ƙofar kawai aka biyo.

Bambancin kuwa babba ne. Kamfani zai sa kyamara inda wayoyinsa suka bi da inda in wuta ta tashi za a iya cewa shi ne, gari mai arziki zai sa a kan tudun da ke kallon gidajensa. Ƙaramar gunduma a ƙauye wadda bata cikin yankin babban kamfani kuma kasafinta bai kai ta cire dala 50,000 duk shekara a kan tasha ɗaya ba, ita sai dai ta jira wani ya wuce ya ga hayaƙi. Gwamnatin jiha ce kaɗai zata iya ɗaukar taswira ta ce ga inda babu ido, a cike nan, ko da ba mai riba a wurin. Sannan maganar sirri, kyamarar da ke iya zuƙo hayaƙi daga nisan kilomita goma sha wani abu tana iya zuƙo tsakar gidan mutum, kamfanin Pano ya ce yana dusashe gidajen da ke kusa a hoton, madalla, amma alƙawarin kamfani daban doka daban. Wa ke ajiye hotunan, har tsawon yaushe, 'yan sanda zasu iya nema dan wani binciken da ba na gobara ba, kamfanin inshora fa, in wuta ta tashi daga wayar kamfanin da ya biya kuɗin kyamarar waɗanda gidajensu suka ƙone zasu samu hoton su kai kotu? Duk waɗannan abubuwa ne da ake rubutawa a doka. A Kalifoniya tunda jami'ar gwamnati ce ke riƙe da tsarin, kowa na iya shiga shafinsu ya kalli kyamarorin kai tsaye, mai gida a bakin daji zai iya duba tudun bayan gidansa daga wayarsa kafin ya yanke shawarar kwashe iyalinsa.

A 2025 an sake gwadawa da ƙudiri mai lamba SB25-011, wannan karon da tsarin gwamnati ta haɗa hannu da kamfanoni masu zaman kansu a kafa kyamarorin, sai ya faɗo a shekarar da jihar ke fama da giɓin kasafi na kusan dala biliyan 1.2, ana ta yanke nan da can, shi ma bai kai labari ba.

In za a sake kawo shi, ni dai ina ganin a daina jingina shi da gobarar Marshall, dan duk ɗan majalisar da ya karanta rahoton sheriff zai gane ba maganinta bane, a faɗi abun da yake iya yi kawai, wato rage lokacin da ke tsakanin tashin wuta a lungu da isowar mutum na farko. Kuma a haɗa shi da maganar waɗanda zasu amsa kiran, dan yawancin ofisoshin kashe gobara a ƙauyukan jihar 'yan sa kai ne ke riƙe da su, makiyaya da masu shago da direbobi, saƙon AI zai shigo wayar mutum ƙarfe 3 na dare ne ya tashi ya sa takalmi ya tuƙa zuwa tasha ya ɗauko motar da wataƙila ta girmi ɗansa na fari, sannan ya kama hanyar dutse. Mintunan da kyamara ta samar ana iya rasa su duka a wannan tsakanin in ba a ware kuɗin motoci da horo da rediyon sadarwa a cikin ƙudirin guda ba.